Fararen Riguna Tamanin da Shida

Ranar Litinin

Zuwa ga ɗiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana shiga. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata ta hagu da ta rantse ba za ta sake barina in hau tsani ba. Innarki, mai ɗakina, tana gaishe ki. Ummanki ma lafiyarta ƙalau, na gamu da ita shekaranjiya a bakin kantin magani, ita ce ta nuna mini direban bas ɗin da ke kai miki saƙo.

Na san za ki riƙa juya ambulan ɗin nan kina tambayar wane Kawun ne kuma. Ni ne Kawu mai hoto, wanda mahaifiyarsa da kakarki ciki ɗaya suka fito. Hoton nan naki da ke rataye a ɗakin Ummanki, kina wata bakwai kina tsala kuka a kan kujerar roba, ni na ɗauke shi, kuma sai da kika jiƙa mini labule kafin ki tsaya. Saboda haka kada ki yi mini kallon baƙo.

Maganar da ta sa na ɗauki biro ba ta waya ba ce. Shagona ba ya rabo da 'yan zaman hira, benci biyu ne a ƙofa kuma ba sa taɓa hucewa. Ga ta. Shekara goma sha ɗaya ni nake ɗaukar hoton ɗaliban makarantar koyon jinya idan za su fita. A da ba wata wahala, in ɗauka, in zare kati in kai wa Dogo mai injin buga hoto da ke bayan tasha, ya buga, in kai musu. Bana an yi sabuwar shugaba, ta ce ita ɗanyen hoto take so a ɗauka, a gyara kowanne a kwamfuta kafin a buga, don littafi za su yi. Na ce mata wannan ai ƙaramin abu ne. Wallahi a lokacin ban san hoto yana da ɗanye da dafaffe ba.

Na sa an zuba mini sabuwar manhajar gyaran hoton, na ce wa mai zubawar wani ne zai yi aiki da ita. Na ɗauki ɗaliban, su tamanin da shida, kowa cikin farar rigar aiki. Yau kwana huɗu ina zaune gaban allon kwamfutar kamar wanda ya je gaisuwa gidan surukai. Hotunan sun fito dishi-dishi, fararen rigunan kuwa duk sun yi rawaya kamar an tsoma su a ruwan shayi. Maɓallai sun fi ɗari. Na taɓa wani, yarinya guda ta ɓace ɓat, na rasa yadda zan yi sai da na kashe kwamfutar daga bango.

Shekarata talatin da huɗu a sana'ar nan. Rabin masu hoton garin nan a shagona suka koyi riƙon kyamara, har gobe idan gardamar launi ta haɗa su cewa suke a kai wa mai gida ya duba. Ba zan iya zuwa in zauna gaban ɗayansu yana nuna mini da yatsa ba. Ummanki ta ce irin wannan aikin kike karanta. Ga filashi, ɗan abin nan na ajiye fayil da ake soka wa kwamfuta, a cikin ambulan ɗauke da hotuna biyar, don an ce nauyinsu ya fi ƙarfin waya. Ki rubuto mini dalla-dalla kamar kina koya wa ɗan aji ɗaya. Idan Ummanki ta tambaya ki ce gaisuwa ce kawai.

Kawunki mai hoto

*

Ranar Asabar

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Allah ya sauwaƙe ciwon gwiwa. Ni lafiya lau, sai mura da ta kwana biyu ta tafi. Na gane ka tun a layi na biyu, Umma ba ta gajiya da ba da labarin labulen nan gaban baƙi.

Kawu, ba abin kunya ba ne, malamanmu ma manhajar nan tana ba su wuya don sabuwa ce. Ga yadda abin yake. Da can kyamara ce take yanke hukunci da kanta, ta zaɓi haske, ta zaɓi launi, ta miƙo maka hoto kammalalle. A ɗanyen hoto kuwa, duk abin da ta gani take tarawa ta ajiye, ba ta yanke komai ba, kai take jira. Shi ya sa yake fitowa dishi-dishi. Kuma ka kwantar da hankalinka, ba ya lalacewa. Duk abin da ka yi masa a wani ɗan ƙaramin fayil ake rubutawa a gefe, asalin yana nan yadda yake. Yarinyar da ta ɓace ba inda ta je. Akwai kibiya mai lanƙwasa a sama ta hannun hagu, ita ke mayar da kai baya, ba sai ka zare waya daga bango ba.

Ka manta da maɓallai ɗari, huɗu kawai za ka taɓa, na zana maka su a bayan takardar nan. Kowanne layi ne da ɗan ƙwallo a tsakiya, ja ake yi hagu ko dama. Na farko hasken hoton gaba ɗaya, na biyu yana rage wurin da ya cika haske, na uku yana fito da abin da ya shige inuwa. Na huɗu shi ne na launi. Ka ja hagu hoton ya karkata shuɗi, ka ja dama ya karkata rawaya, kuma a hankali ake jansa. Idan ka gama guda ɗaya ya yi maka, akwai inda za ka kwafe gyaran ka liƙa wa sauran tamanin da biyar a lokaci guda, tunda wuri ɗaya ka ɗauke su da fitila ɗaya.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Biyar ɗin da ka aiko na buɗe su a nan, rigunan ba su yi mini rawaya ba. Wataƙila allonka ne. Kafin ka taɓa na huɗun, da ka sa wani ya zauna kusa da kai ku duba tare.

Umma ta kira ta tambaya, na ce gaisuwa ce. Ta ce ita ba ta taɓa jin gaisuwa mai filashi ba.

'Yarka

*

Ranar Alhamis

Malama ƙarama,

Ina gaishe ki da karatu. Gwiwa da sauƙi, Innarki tana shafa mini man zafi safe da yamma, ƙamshinsa har ya kori mutum ɗaya daga benci.

Takardarki ta yi amfani, Allah ya yi miki albarka. Kibiyar nan mai lanƙwasa, da ana sayar da irinta a kasuwa da na saya wa bakina guda. Na jingina zanenki jikin gorar ruwa ina bi a hankali. Ranar farko na dawo da yarinyar, rana ta biyu fuskoki suka fara fitowa kamar na mutane. Har rufe shago na yi da azahar, na manna takarda cewa na fita, alhali ina ciki.

Amma akwai layinki guda da na karanta sau uku. In sa wani ya zauna kusa da ni. Wa ke nan? Ɗaya daga cikin waɗanda na koya wa aiki, ko 'yan benci? Maɓalli na tambaye ki, ban tambaye ki ido ba. Tun kafin a yi auren Ummanki nake shiga ɗakin duhu in fito da launi daidai ba wanda ya riƙe mini hannu. Idan tsufa kike nufi ki faɗa kai tsaye, ba na son kwana-kwana. Ba fushi na yi ba, amma na ji abin.

Na ja na huɗun zuwa hagu har sai da rawayar ta fita tas, rigar ta yi fari ƙal. Na kwafe na liƙa wa sauran yadda kika ce, kafin in ƙifta ido duk sun gyaru. Na daɗe ban ji daɗin aiki haka ba. Jiya na kai wa Dogo. Ya buɗe a allonsa ya duba, ya ce, "Mai gida, haka kake son su?" Na ce to da yaya zan so su. Ya ce ko ya ɗan taɓa launin. Na ce kada ya kuskura, aikinsa bugawa. Shekara ashirin muna tare da Dogo, mutumin kirki ne, amma ina jin ganin na shigo harkar kwamfuta ya ɗan tsorata.

Ga filashin nan, na zuba miki duka har da ƙananan fayilolin, ki ga aikin ɗalibinki. Ina jiran maki.

Kawunki

*

Ranar Laraba

Ɗiyata,

Ina fata lafiya. Yau sati uku ba takardarki. Sau biyu ina zuwa tasha, direban ya ce hannu da hannu ya ba ki. Ummanki ta ce kuna waya, lafiyarki lau. To idan maganar da na yi ce ta ɓata miki rai, ai ni babba ne, ina da damar in yi ƙorafi. Mu nan lafiyar jiki akwai, kwanciyar hankali ce babu.

An dawo mini da hotunan. Shugabar makarantar ta kira ni ofishinta jiya, ta baje su a tebur, ta ce rigunan ɗalibanta shuɗaye ne, fuskokinsu kuma kamar na waɗanda aka tsamo daga rijiya. Ta kira magatakarda da wata malama, su ma suka ce haka. Ta ba ni sati biyu in kawo na kirki, in ba haka ba ta ba wani. Kin kuma san wanda za ta ba, ɗaya daga cikin waɗanda suka koya a hannuna.

Na koma shago na buɗe kwamfuta, riguna fari ƙal yadda na bar su. Kin ga ke nan daga inda ɓarnar ta fito. Na kwashi hotunan na nufi wurin Dogo, na tarar da shagon cike, har da masu hoto uku da suka kawo aiki. Na zube masa su a kan kanta, na ce injinsa ya tsufa shi ma ya tsufa, kuma da gangan ya ɓata mini aiki don baƙin ciki. Ya ce, "Mai gida, shigo ciki in nuna maka wani abu." Na ce ba inda zan shiga. Sai ya shiga tsince hotunan ɗaya bayan ɗaya yana jerawa. Na gaya masa ni da shi har abada. Biyu daga cikin masu hoton nan suka ɗauke aikinsu suka biyo ni waje.

Ki duba filashin ki rubuto cewa aikina daidai yake, da bayani irin naku na makaranta, in kai wa shugabar. Kada wannan ma ta yi sati uku.

Kawunki

*

Ranar Asabar

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Lafiyata lau, kuma ba fushi na yi ba. Kunya ce ta hana ni rubutu, yanzu kuma wadda ta fi ta ce ta sa ni.

Ranar da filashin ya iso na buɗe shi. Kawu, hotunan shuɗaye ne. A cikin fayil suke shuɗaye, tun kafin su je wurin Dogo. Na ce ko allona ne, na kai ɗakin kwamfutocin makaranta na buɗe a guda uku, duk haka. Sannan na duba ƙaramin fayil ɗin da ke rubuta gyara. Launi yana da lamba. Kyamararka ta ajiye shi a dubu biyar da ɗari biyu, wanda ya yi daidai da fitilar da ka haska. Kai ka ja shi ya sauko dubu uku da ɗari shida. Injin Dogo abin da ka ba shi ya buga.

Takarda uku na rubuta maka na yaga. Kowacce in na kai wurin da zan ce Kawu ka yi kuskure, sai hannuna ya ƙi. Na riƙa ce wa kaina ai Dogo zai gyara, ko shugabar ba za ta lura ba. Da na aiko ko layi biyu ne a makon farko, da ba ka je shagon wannan bawan Allah ba. Tun da na karanta takardarka abinci ya ƙi shiga. Rabin abin da aka yi masa ni na yi.

Kuma ba na jin allon ne. An taɓa gaya mana a aji cewa akwai yanar ido da ke farawa a hankali, ba zafi ba ƙaiƙayi, sai dai ta riƙa rina wa mutum fari ya koma rawaya, shi kuwa bai sani ba. Ni ba likita ba ce, ina roƙon Allah ya sa kuskure na yi. Amma ga gwaji. A gefen layi na huɗu akwai wata 'yar alama kamar abin ɗiga magani. Ka mayar da hoto ɗaya asalinsa, ka danna ta, sannan ka danna kan rigar. Manhajar za ta nemo farin da kanta, ba ruwanta da idon kowa. Kada ka taɓa komai bayan nan. Ka kira Inna, ita ai ba 'yar benci ba ce, ka tambaye ta launin rigar.

Idan ka ga na yi rashin kunya ka yafe mini. Ban gaya wa kowa ba.

'Yarka

*

Ranar Juma'a, da safe

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, yanzu ba ta ita ake ba. Ba ki yi rashin kunya ba, kuma ki ci abinci. Rabin nan da kika ɗauka ki sauke shi, duka nawa ne, ga dalili.

Akwai abin da na ɓoye miki a waccan takardar. Ranar da shugabar ta baje hotunan tana cewa shuɗaye ne, ni ban ga shuɗi ba. Na duba, na sake dubawa, fari nake gani ƙal. Mutum uku suna tsaye suna nuna abu da yatsa, ni mai hoton ban gan shi ba. Maimakon in ce ban gani ba, sai na girgiza kai na ce lallai wannan ɓarna ce, kuma na san wanda ya yi ta. Na ɗauki ƙafa na je na ci mutuncin Dogo gaban jama'a a kan laifin da ko ganinsa ban yi ba. Da ya ce in shigo ciki na sha jinin jikina, shi ya sa na ƙi. Rufa mini asiri zai yi, ni kuwa ina tsaye ina tona nasa.

Takardarki ta kwana biyu a aljihuna. Ran Talata na ce wa Innarki ta biyo ta shago idan ta taso daga kasuwa. Na yi yadda kika ce, rigar ta koma rawayarta ta farko. Na ce, "Wane launi ne wannan?" Ta ajiye jakarta ta leƙa ta ce, "Fara ce mana." Na buɗo mata nawa gyaran. Ta ce, "Wannan kuma an cika mata bula." Tana faɗa ta kama bakinta, ta ɗauki jakarta ta ce ta bar tukunya a gida.

Jiya ta raka ni wurin likitan ido. Yanar ido ce, a duka biyun, na dama ya fi. Ya ce aikin ba babba ba ne, wata mai zuwa za a yi, kuma ta kai shekara biyu ko uku tana taruwa. Ina zaune a kujerarsa na tuna yadda na yi ta zagin takardar hoto ta zamani, wai ba ta da haske irin ta da.

Da muka dawo gida Innarki ta buɗe durowa ta fito da fararen rigunana ta shimfiɗa a gado. Ta ce shekara biyu da suka wuce na fara faɗa cewa wankinta ba ya fita. Na tuna. Har a gaban ƙanwarta na taɓa cewa ta tsufa ta manta wanki. Ta ce ta canza sabulu, ta jiƙa, ta dirza har fatar yatsunta ta saɓule, ni dai faɗa nake. Wata rana bular wanki ta yi mata yawa bisa kuskure, hankalinta ya tashi, ni kuwa na sa rigar na ce yauwa, yau aka yi wanki. Tun ranar take ƙarawa kaɗan-kaɗan duk lokacin da na soma ƙorafi. Na ce me ya hana ta gaya mini. Ta ce, "Malam, wa zai gaya maka launi?"

Wato shekara biyu ina yawo a garin nan cikin shuɗiyar riga, ina zaune a ƙofar shago ana kawo mini gardamar launi ina yanke hukunci. 'Yan benci sun gani, waɗanda na koya wa aiki sun gani, Dogo ya gani. A cikinta na tsaya ofishin shugabar, a cikinta na je na yi wa Dogo hayaniya. Ba wanda ya ce uffan. Na zauna a bakin gado na kasa ɗaga kai in dube ta.

Saura kwana huɗu wa'adin makarantar. Na gyara guda ɗaya da alamar nan, na liƙa wa sauran, na rufe ban ƙara kallo ba, don hannuna sai ƙaiƙayi yake ya ja hagu. Ba wanda zan kai wa sai Dogo. Idan ya ƙi, yana da gaskiya. Ƙarfe goma sha ɗaya shagonsa yake cika, lokacin zan je, na kuma aika wa mutum biyun nan da suka biyo ni waje su same ni a can. Har yanzu ban san da wane baki zan fara ba.

Innarki ta wanke mini riga ɗaya sau uku da sabulu zalla, ba bula. Ga ta a jikina yanzu. Na tsaya gaban madubi, ni dai abin da nake gani tsohuwar riga ce rawaya, wadda ko bakin ƙofa ba zan yarda in fita da ita ba. Na ce mata ta tabbata? Ta ce fara ce. Bari in ajiye biron, in biya tasha in ba direba wannan, in wuce.

Kawunki